Bututun Bindigar Uban Nomau

Shekaruna sun ɓace mini, sunayen wasu jikokina ma sai an tuna mini, amma ba ni mantawa da ranar da Nomau mahalbi ya shigo maƙerarmu da bindigar ubansa naɗe cikin tabarma. Ku da kuke haɗa ƙarfe da wutar lantarki a Mayahi yanzu, ku matso ku ji yadda muka yi da gawayi da fatar akuya.

Shekarar ce da babanku da ƙanensa suka tafi ci-rani Aljeriya, suka bar ni da kakanku mu biyu rak a maƙera. An gama ɗaurin gero, an kai rumbu, ana maganar fita farautar rani. Kakanku shi ne Sarkin Maƙeran garinmu, garin nan na kan hanyar rairayi tsakanin Bawdeta da Hawandawaki. Ga wanda bai sani ba, sarautar maƙera ba ta da dogari. Mutum ne dai wanda in ƙarfe ya gagari kowa sai a kai masa, in ya ce ba ya gyaruwa sai a jefar. Ni kuwa zuga-zugi ne aikina. A wasu garuruwa mace ba ta zuga, amma a gidanmu maza ba su taɓa isa ba, don haka tun ina amarya uwar mijina ta zaunar da ni bayan fatun nan biyu. Bayan zuga, ni ke riƙe awartaki duk sa'ad da aiki ya nemi hannu na uku.

Nomau ɗan Sarkin Baka ne, wato shugaban mahalban yankinmu, wanda Allah ya yi wa rasuwa da damina. A shekarar Nomau ne zai shige gaba ran fita farauta, karo na farko, kuma da bindigar uban ake so a gan shi. Bindigar kowa ya san ta. Maigari ya san ta, masu gandun daji ma sun san ta, tana da takardarta. Abin da babu wanda ya sani shi ne ta tsage.

Ya yi sallama, ya durƙusa, ya waiga baya sau da yawa, sannan ya warware tabarmar.

Ya ce, “Baba Sarki, ka rufa mini asiri. In gari ya ji bindigar tsoho ta karye a hannuna tun ban fita da ita ba, na gama yawo.”

Kakanku ya ɗauka ya juya. Ya ce, “Kai, da ita kake dakan fura?”

“Faɗuwa ta yi daga kan amalanke.”

“To ai gara ita. Kai da ka faɗo da ba ni da abin gyaranka.”

Bari in yi muku bayani, don bindigar mahalba ba irin ta soja ba ce. Akwai ƙota, ta itace, wadda ake dangana wa kafaɗa. Akwai bututu, dogon ƙarfen nan da wuta ke fita. Akwai kuma guntun ƙarfe mai kauri a tsakani, wanda gindin bututu ke shiga ciki ya zauna. Mu gida muke ce masa. To gidan ne ya tsage. Gida ana ƙera sabo, ƙota ana sassaƙa sabuwa, amma bututu shi ne bindigar. In ya lanƙwashe ko ya fashe, sai dai a ce da can akwai bindigar wane.

Kakanku ya fara da abin da ake farawa da shi. Ya zura kara cikin bututun ya tabbata babu komai ciki, ya wanke shi tas don kada ko ƙurar albarushi ta saura. Sannan ya yi kwanaki yana ƙera sabon gida, ni ina zuga. Duk wannan babu wata magana, don ƙarfen namu ne, bai zama bindiga ba tukuna.

Maganar ta zo ne ran haɗawa. Da hantsi Nomau ya iso. Na miƙa hannu zan ɗauko bututun daga jikin bango, sai ya yi tsalle ya tare ni kamar wanda ya ga zan taka maciji.

“Inna, don Allah! Kada ki taɓa!”

Na ce, “Mi ya faru, ɗan nan?”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce tsoho ya yi masa wasiyya guda a kan bindigar nan, cewa kada mace ta taɓa ta. Uwarsa ma da ta zauna da tsohon har mutuwa ba ta taɓa ɗaga ta don shara ba. In mace ta taɓa, abin da ke jikinta ya karye.

Na ce, “Minene a jikinta?”

Ya ce, “Bai faɗa mini ba.”

“In ya karye, mi ke faruwa? Ƙin tashi take yi, ko ƙin samu?”

“Shi ma bai faɗa ba, Inna.”

Na dubi kakanku, kakanku ya dubi rufin bukka. Ku sani, haɗa bututu da gida ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ramin gida da gangan ake yinsa ya ɗan kasa bututun, yadda a sanyi ko da ƙarfin tsiya ba ya shiga. Sai a gasa gidan ya buɗe baki, shi kuwa bututun a bar shi cikin sanyi ya tsuke jikinsa. Sannan a haɗa su da sauri, shiga ɗaya, babu tsayawa. In gidan ya huce sai ya damƙe bututun damƙar da babu mai raba su. Abin tsoron shi ne ya tsaya a rabi. In ya tsaya a rabi, zafi ya hau shi, shi ma ya kumbura, ba ya shiga ba ya fita. In kuma a karkace ya shiga aka buga, ya lanƙwashe ke nan.

Kakanku ya ce, “Nomau, hannu biyu gare ni, ɗayan ma ya fara gardama. Ita ce ke riƙe mini awartaki.”

“Ni sai in riƙe, Baba.”

“Ka taɓa riƙewa?”

“Na riƙe kunnen kare yana cizo.”

“Kare ba ya huce maka a hannu. A kira wani namiji daga cikin gari mana.”

Nomau ya ce a'a, duk wanda aka kira, kafin azahar labari ya kai bakin rijiya. Shi ke nan, aka tsaya a kan shi zai riƙe.

Daga nan kaina ya fara ɗaurewa. Na ce, to iskar zuga-zugi fa? Daga hannuna take fitowa, ita ke hura wutar da za ta gasa gidan. Nomau ya yi ta tunani, can ya ce iska ba ta da laifi. Na ce gawayin ƙiryar nan ni na tsince shi na zuba. Ya ce wuta ta cinye wannan. Na ce ruwan randar da za a jiƙa buhu a naɗe bututun, ni na ɗebo shi da safe. Nan ya tsaya. Ya dubi randar, ya dube ni, ya ce ruwa kam yana tsoro.

Kakanku ya ce, “Iska ta halatta, ruwa ya haramta. Wane malami ya karantar da kai?”

“Baba, ruwa jiƙawa yake yi, iska wucewa take yi.”

Nomau ya ɗauki bido, wato jarka, ya tafi rijiya da kansa. Na ji daga baya matan bakin rijiya sun sa shi gaba, suna tambaya ko matarsa Hasiya ta yi yaji ne, ko kuwa sabuwar sarautar ta haɗa da ɗiban ruwa. Ya dawo yana gumi, ya ajiye ruwan. Ni kuma ina zaune ina lissafi a raina. Tabarmar da ya naɗo bindigar, wa ya saƙa ta? Ai mata ke saƙar tabarma a garinmu. Na buɗe baki zan tambaya, kakanku ya harare ni, na rufe.

Akwai wani abu kuma. Kakanku ba ya magana in ƙarfe na cikin wuta. Haka ya gada. Da ƴar gudumarsa yake magana. In ya ƙwanƙwasa gefen uwar maƙera, ƙarfen nan da ake ƙira a kansa, wato in ƙara iska. In ya buga tsakiyarta, wato in saki zuga-zugi in ɗauko ƙarfe. In ya kwantar da gudumar, a dakata. Ni jikina ya san wannan, ba sai na yi tunani ba. Amma ran nan bugun nawa ne, hannun na wani. Sai ya zama in ya buga, ni in ji, in faɗa wa Nomau da baki, shi kuma ya aikata. Kuma don kada hannuwana su rigaye ni, na ƙudurta da na saki zuga-zugi sai in maida su baya in harɗe.

Aka sa gida a wuta. Na zuga, na zuga, har ya fara canza launi. Kakanku ya buga tsakiya.

Na ce, “Ɗauko!”

Nomau ya ɗauko bututu.

Na ce, “Ba shi ba! Gidan, da awartaki!”

Ya ajiye bututu, ya kama gida, ya ɗora kan uwar maƙera. Kakanku ya warware buhu, ya ɗaga bututun zai saita, sai Nomau ya ce a dakata. Ya rufe ido ya fara motsa baki. Ashe akwai abin da tsohonsa ke karantawa duk sa'ad da aka kwance bindigar aka mayar. Muna tsaye, yana karatu, ƙarfe na hucewa. Ina kallon launin na gudu daga jikinsa kamar ruwa a rairayi. Da Nomau ya shafa addu'arsa, kakanku ya gwada bakin bututun, ko ƙwayar gero bai shiga ba.

A nan ne kakanku ya karya al'adarsa, ya yi magana. Ya ce, “Ka gama? Akwai saura? In akwai, ka karanto duka yanzu, har da na kakanka, mu muna jira. Ƙarfe ne ba ya jira.”

Nomau ya ce, “Na gama, Baba.”

Aka maida gida wuta, aka sake naɗe bututu. Kakanku ya ce ƙarfe ba ya son a yi ta gasa shi ana saukewa, wannan karon shi ne. Na zauna na kama fatuna. Na fara zuga. Na saci kallon hannun hagun kakanku, na ga yana ƴar rawar nan da ya fara tun damina, wadda ba mu taɓa yin maganarta ba ni da shi.

Ya buga tsakiya. Nomau ya ɗauko gida, wannan karon daidai. Ya danne shi da awartaki da hannu biyu. Na miƙe na harɗe hannuwana a baya. Kakanku ya tsayar da bututun da hagu, ya saita, ya ɗora guntun itace a kansa, ya ɗaga masaba da dama. Bugun farko, ya shiga. Bugu na biyu, ya ƙara shiga. Sai na ga kan bututun ya fara karkata wajena, a hankali, kamar karan dawa da iska ta taɓa. Hagun ya kasa riƙe shi. Masaba na sama, bututu na rabi, kuma a karkace.

Sai na ji an ce, “Kama!”

Wallahi har yau ban san wanda ya faɗa ba. Muryar ta yi kama da ta kakanku, ta kuma yi kama da ta Nomau, wani lokaci ma ina cewa ko ni ce na faɗa. Ban san kuma wa ake cewa ba. Nomau hannunsa biyu na kan awartaki. Kakanku hannunsa biyu na kan aiki. Hannun da ya rage a bukkar nan nawa ne. Na tuna na sunkuya wajen jiƙaƙƙen buhun. Na tuna na ga bututun ya miƙe tsaye. Na ji masaba ta sauka, ta sake sauka, sai ƙarar ta canza, ta zama ƙarar abin da ya kai ƙasa. Bututu ya zauna.

Gawayi kaɗai ke ƙara. Kakanku ya jira ya huce, ya ɗaga ya kai ido, ya leƙa ta ciki wajen haske. Ya ce, “Sak. Ko gashi bai kauce ba.”

Nomau bai dubi bututun ba. Ni yake kallo.

Ya ce, “Baba, kai ka ce ta kama?”

“Kai ka ce.”

“Ni? Ni da haƙorana ke cije?”

“To ni ka taɓa jin na yi magana masaba na sama?”

Suka yi ta yi, kowa na rantsuwa, kuma na ga alama kowa gaskiyarsa yake faɗi. Can kakanku ya nuna buhun da ke ƙasa da ƙafa. Ya ce, “Bar wannan. Da buhu ta kama. Buhu ne ya taɓa ƙarfe. In iska ba ta da laifi, buhu ma ba shi da shi.”

Na ga fuskar Nomau ta ɗan saki. Yana so ya yarda. Ya matso ya durƙusa gabana, ya ce, “Inna, ke uwa ce. Abin da kika ce shi zan ɗauka. Fatarki ta taɓa, ko ba ta taɓa ba?”

Ni kuwa ban sani ba. Na san na nufi buhun. Ban san ko na ɗauke shi ba, ko ya suɓuce, ko tun farko hannuna bai kai gare shi ba. Kakanku na kallona, na gane abin da idonsa ke cewa. Hannuna na dama na dunƙule tun ɗazu, yana mini zugi, ban duba ba. Na ce, “Ɗan nan, ban sani ba. Amma mu duba tare.” Na buɗe tafin. Ga shatin ƙuna nan kwance daga gindin babban yatsa zuwa gefe, ya yi fari, ya fara tashi.

Nomau ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, “Sannu, Inna.” Ya miƙe, ya sa takalmansa, ya fita. Bai ɗauki komai ba.

Kakanku ya gama aikinsa shi kaɗai. Ya zaunar da ƙarfen cikin ƙota, ya ɗaure, ya shafa mai, ya naɗe cikin tabarmar, ya jingine a kusurwa. Bindigar ta yi kwanaki a nan. Ina shiga in zagaye ta kamar mai zagaye kabari, alhali ban san ko akwai sauran abin kiyayewa ba. Kakanku bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini magana ba sai ta dole. Na rasa fushin minene. Na kamawar ne? Na buɗe hannun ne, bayan ya riga ya shimfiɗa wa yaron hanya? Ko kuwa da hannunsa na hagu yake fushi, ni dai na ga abin da ba ya so a gani? Da daddare in shafa wa ƙunar man shanu, in yi ta juya abin. In da ban kama ba, bututu ya tafi. Da na kama, ko mi ya tafi? Wanda ya sani, uban Nomau, yana ƙasa.

Ran fita farauta, bayan sallar asuba, muna jin karnuka da ƙaho a bayan gari, sai ga Nomau. Idonsa ja, kamar bai runtsa ba. Ya gaida kakanku, ya gaishe ni, ya tsaya gaban tabarmar. Ya miƙa hannu, ya janye. Ya sake miƙawa. Kakanku bai ce ɗauka ba, bai ce bari ba. Can Nomau ya ce bismillahi, ya saɓa ta a kafaɗa, ya fita. Yinin ran nan ko kalme ɗaya na noma ba mu ƙera ba. Kakanku ya zauna bakin bukka yana goge abin da ba ya bukatar guga, duk ƙarar da ta taso daga daji sai ya ɗaga kai.

Da la'asar sakaliya sai ga shi ya dawo, ƙafafu duk ƙarangiya, yana riƙe da fakara. To, a wajen mahalba, naman farko da bindiga ta kayar bayan gyara na maƙerin da ya haɗa ta ne, a hannu ake ba shi. Kakanku ya gyara zama, har ya fara miƙa hannu. Nomau ya gaishe shi da ladabi, ya wuce shi, ya zo inda nake tankaɗe, ya ajiye fakarar gabana.

Na ce, “Nomau, godiya ka kawo mini, ko ƙarata ka kawo?”

Ya ce, “Inna, ni ma ban sani ba. Ta tashi, ta kuma samu. Ko abin tsoho na nan, ko ya tafi ni ne na iya halbi, ban sani ba. Na dai san hannun da ya zaunar da ita.”

Ya juya ya tafi. Na bi kakanku da kallo, hannunsa na nan a miƙe rabi. Ya dube shi, ya maida shi kan gwiwa. Na ɗauka yau kam za a yi ta. Sai ya yi gyaran murya, ya ce, “Ki sa yaji da yawa. Kuma cinya guda tawa ce, ni na buga.”

Muka ci tare, shi da cinyarsa, ni da sauran. Tun daga ranar, in za a haɗa wani abu mai tsawo, ba ya jira ya karkata. Sai ya ce in zo in riƙe, da baki yake faɗa.

To, ku da kuke da maƙera yanzu, ga abin da na ɗauka. Mutum in ya kawo muku ƙarfe, ba ƙarfen kaɗai ya kawo ba. Akwai abin da ubansa ya ce masa, akwai abin da yake tsoro, wani lokaci shi kansa bai san iyakarsa ba. Ku tambaye shi duka tun wuta ba ta kama ba, ku kuma ƙirga hannuwan da ke cikin bukka da gaskiya, har da wanda ya fara rawa. Ƙarfen za ku iya miƙe shi. Abin da mai shi zai yi da zuciyarsa bayan nan ba ya shiga wutarku. Nomau ya yi shekaru yana shige wa mahalba gaba da bindigar nan, kuma har ya tsufa bai bar matarsa ta taɓa ta ba. In ta nemi gyara kuwa, sai ya shigo ya miƙo mini ita da hannu biyu. Ban tambaye shi dalili ba, don na san amsar da zai ba ni.